Wane Ne Zai Ce A Tashi?

 

Akwai wata mas'ala wadda duk wanda ya taɓa zama gaban malami a zaure ya ji ta. Mutum yana cikin salla, sai ya hangi makaho ya doshi bakin rijiya, ko yaro ya faɗa ruwa. Malamanmu sun ce lalle ya yanke sallar nan ya je ya cece shi. Har ma a cikin Muhtasar na Shaihu Halilu an nuna cewa wanda ya ga rai ko dukiya za su halaka, yana da ikon tsirar da su amma ya ƙi, to, ramuwa tana kansa. Wannan hukuncin mutum ɗaya ke nan, ba shi kuwa da wuyar ganewa. Inda wuyar ta ke shi ne gari. In wuta ta kama layin masu atamfa da ƙarfe biyu na dare, ko ruwa ya ɓalle ya nufo unguwa, ceto ya zama farilla ta kifaya, watau in waɗansu sun yi ta faɗi daga kan saura, in kuwa babu wanda ya yi kowa ya ɗauki alhaki. To, su wane ne waɗansun nan? Wa ya naɗa su? Wa ya saya musu tsani da mesa? Wa kuma ya ke da ikon ce wa mutane su bar gidajensu cikin dare, su kuma yarda su bari?

Neman inda aka amsa tambayoyin nan a aikace shi ya kai mu ƙananan garuruwan ƙasar Jamus. Ba mu ce mutanensu sun fi kowa tausayi ba. Abin da ya ja hankalinmu shi ne sun rubuta amsar a cikin doka, sun kuma yi aiki da ita fiye da shekara 170, har ranar da ta kasa musu, wadda ita ma za mu zo kanta.

Mai karatu zai yi mamaki in ya ji cewa a ƙasa mai arziki irin Jamus, garuruwan da su ke da rundunar 'yan kwana-kwana masu albashi ba su wuce 100 da 'yan kai ba, su ne manyan birane kamar Berlin da Hamburg. Duk sauran ƙasar aikin sa kai ne ya ke riƙe da ita. Akwai rundunonin sa kai fiye da 20,000, mutanen da ke cikinsu kuwa, maza da mata, sun kai kimanin miliyan ɗaya. Manomi ne, da makaniki, da malamin makaranta, da akawu, da mai kanti. In an buga lambar 112, ofishin karɓar kira ya tayar da 'yar na'urar da ke aljihunsu, ko ya kaɗa jiniyar gari, kowa ya ajiye abin da ke hannunsa ya ruga gidan mota.

Asalin abin ba daga fadar sarki ya fito ba. A da can, dokar garuruwansu ita ce in wuta ta tashi kowane magidanci ya fito da gugan fata a shiga sahu ana miƙa ruwa hannu da hannu. Jama'a sukan fito, amma taron ya fi aikin yawa, kamar dai yadda mu ka sani. A 1846 wani magini mai suna Christian Hengst, wanda shi ne mai kula da gine-ginen wani ƙaramin gari da a ke kira Durlach, ya tsinci samari ya raba musu aiki: waɗannan na tsani, waɗannan na famfo, waɗannan na fitar da mutane. Ya riƙa horar da su a kai a kai da wani famfon hannu da garin ya saya wajen Carl Metz na Heidelberg. A watan Fabrairu na 1847 gidan wasan kwaikwayo na birnin Karlsruhe, maƙwabcinsu, ya kama wuta, mutum sama da 60 su ka halaka. Mutanen Durlach su ka zo da famfonsu su ka tare wutar, ba ta haura gine-ginen da ke kusa ba. Aka ga ashe 'yan mutane kaɗan da kowa ya san wurin tsayuwarsa sun fi dubu masu ihu. Daga nan garuruwa su ka yi ta kwaikwayo.

Yau kowace daga cikin jihohi 16 na ƙasar tana da dokarta, amma ginshiƙin ɗaya ne. Doka ta ɗora wa hukumar gari, kome ƙanƙantarta, wajibin riƙe rundunar kashe gobara wadda ta isa. Ba alheri ba ne da magajin gari zai yi in ya ga dama. Majalisar gari ita ke sayen mota, ta gina mata gida, ta ɗinka riguna, ta tanadi ruwa, jiha kuma tana tallafawa da wani haraji da a ke cira daga kuɗin inshorar gobara. Shugaban runduna kuwa ba daga sama a ke jefo shi ba. A jihar Bavariya, alal misali, 'yan rundunar ne da kansu su ke zaɓensa na shekara 6, sa'an nan hukumar gari ta tabbatar da shi in ta ga ya cancanta. Hikimar a bayyane ta ke. Ba wanda zai shiga hayaƙi bisa umurnin mutumin da bai yarda da shi ba, ba kuma daidai ba ne wanda zai fasa ƙofar mutane ko ya rufe hanya ya zama ba shi da hukumar da za ta tuhume shi. A jihar nan an kuma ƙayyade cewa a isa wurin gobara cikin minti 10, da wannan ne a ke auna inda za a kafa gidan mota.

Horon ma ba wasa ba ne. Sabon shiga yana fara karatu na awa 70, bayan wannan kuma ana so kowa ya yi aƙalla awa 40 na atisaye a shekara. Cikakkiyar ƙungiya mutum 9 ce, shugaba ɗaya da mabiya 8, kowa da sunan aikinsa tun kafin a hau mota. Yara kuma suna da nasu reshen tun suna makaranta, daga cikinsu a ke samun magada.

Ga wurin da ya shafi 'yan kasuwa. Wanda ya ɗauki ɗan kwana-kwana aiki a kantinsa ko masana'antarsa, doka ta tilasta masa ya sake shi in kira ya zo, ba kuwa zai yanke masa ko kwabo ba. Daga baya sai ya kai takarda hukumar gari ta biya shi kuɗin awowin. Watau nauyin bai faɗa kan yaron shago shi kaɗai ba, bai kuma faɗa kan ubangidansa ba, an raba shi ga duk mai biyan haraji.

In kuma masu sa kai su ka yi ƙaranci fa? Nan ne mu ka ga abin da ya yi kama da maganar malamanmu ƙwarai. Hukumar gari tana da ikon ta zaɓo balagaggu masu lafiya daga cikin mazauna ta tilasta musu shiga. An yi haka a 2005 a garin List, can ƙarshen arewacin ƙasar a tsibirin Sylt, sa'ad da rundunarsu ta rame har ba ta iya fita. Masana fiƙihu sun daɗe da cewa in shugaba ya ayyana mutum ga farilla ta kifaya, ta zama farilla a kansa shi kansa. Har wa yau, a dokar laifuffukan ƙasar, wanda ya ga haɗari yana iya taimako ya wuce abinsa, ana iya ɗaure shi har shekara guda.

Wannan shi ne tsarin a lokacin lafiya. Yanzu bari mu ga daren da aka jarraba shi.

Kogin Ahr ƙaramin kogi ne a jihar Rhineland-Palatinate, tsawonsa kamar kilomita 85, yana ratsa wani kwari mai ƙunci tsakanin duwatsu kafin ya faɗa kogin Rhine kusa da garin Sinzig. Da rani yaro yakan tsallake shi a waɗansu wurare. Ƙauyuka na jere a gaɓarsa, sana'arsu noman inabi da saukar baƙi. A wannan jiha ƙananan ƙauyuka sukan haɗu rukuni-rukuni su riƙe kwana-kwana tare, a bisansu kuma akwai gunduma. In bala'i ya fi ƙarfin rukuni ɗaya, ragama tana komawa hannun shugaban gunduma, shi ne mai ikon shelar mataki na 5, watau mafi girma.

Ranar 14 ga Yuli, 2021, an wuni ana ruwa bisa ƙasar da ta riga ta ƙoshi. A garin Altenahr akwai ma'aunin ruwa, mafi tsawon abin da ya taɓa nunawa kuwa shi ne mita 3.71 a 2016. Wajen ƙarfe 3 da rabi na rana ofishin jiha ya fitar da hasashe cewa ruwa zai wuce mita 5. Shugabar rukunin Altenahr, Cornelia Weigand, da ta ga adadin nan, ta kira gunduma bayan ƙarfe 4 ta roƙa a yi shelar bala'i. Ba a yi ba. Wajen 6 da rabi aka ɗan sauko da hasashen zuwa kamar mita 4, hankula su ka ɗan kwanta. Kafin ƙarfe 9 an ɗaga shi kusan mita 7, ruwa kuma ya tafi da ma'aunin kansa.

A ƙauyuka, masu sa kai sun fita tun da rana. Sun cika buhunan yashi, sun bi gida-gida, sun yi shela da lasifika. A ƙauyen Schuld, mai mutum kamar 700, ruwa ya rushe gidaje ya bar tsakiyar gari kufai, amma ba a rasa rai ko ɗaya ba. Can sama da nan, a wani sansanin masu yawon shaƙatawa, wata budurwa 'yar shekara 19 daga cikin 'yan kwana-kwana ta rasu tana ƙoƙarin fitar da wata mara lafiya. Ba wanda zai ce na ƙasa sun yi sake.

Amma ɗan kwana-kwanan ƙauye abin da ke gabansa kaɗai ya ke gani. Ba shi da labarin abin da ke faruwa kilomita 30 sama da shi, balle ya gargaɗi na ƙasa da shi. Wannan aikin gunduma ne. Shugaban gundumar, Jürgen Pföhler, ya riga ya miƙa tafiyar da aiki ga babban jami'in kwana-kwana na gunduma, wanda shi ma ɗan sa kai ne, ya leƙa ɗakin aikin na ɗan lokaci ya tafi. Ɗakin kuwa a ƙarƙashin ƙasa ya ke, inda waya ba ta kamawa sosai, ga layuka sun cushe, ga na'urorin sadarwa suna mutuwa ɗaya bayan ɗaya. Ba a yi shelar mataki na 5 ba sai bayan ƙarfe 11 na dare, aka ce waɗanda ke cikin mita 50 daga gaɓa su tashi, alhali ruwan ya riga ya wuce haka nesa. Jiniyoyin da za su tada mai barci kuwa, da yawa an cire su a faɗin ƙasar tun shekarun 1990, bayan ƙarshen Yaƙin Cacar Baka, don an ga kamar ba sauran bukatarsu.

A Sinzig, ƙarshen kogin, ruwa bai iso ba sai bayan ƙarfe 2 na dare, awowi da dama bayan ya gama da Schuld da Altenahr. Can akwai wani gidan kula da naƙasassu wanda ke wajen mita 50 ɗin nan. Mutum 12 su ka nutse a ɗakunansu na ƙasa. Jimillar waɗanda su ka rasu a kwarin ta wuce 130, akasarinsu tsofaffi, mafi yawansu kuma a garuruwan ƙasan kogi, watau inda lokacin gudu ya fi yawa. Gadoji fiye da 60 su ka tafi.

Mu a ganinmu wannan shi ne zuciyar labarin. Motoci suna nan, jarumai suna nan, hasashe yana kan tebur tun da rana. Abin da aka rasa shi ne bakin da zai ce a tashi. Mai iko ya miƙa aiki ga wani, wanda aka miƙa wa kuwa yana fama da kira ɗari a minti ɗaya, ga kuma tsoron da kowane ma'aikaci ya sani: in na tashi mutum dubu goma da dare ruwa bai zo ba, da wane ido zan dubi jama'a gobe? Sai aka yi ta jiran tabbas, tabbas kuwa ya iso tare da ruwan. Wani abin takaici kuma, kogin nan ya taɓa yin irin wannan ɓarna a 1804 da 1910, ya ci mutane da dama kowane karo, amma taswirar haɗari da hukuma ke aiki da ita ba ta lissafa da su ba, don an gina ta kan awon 'yan shekarun baya kaɗai.

Da gari ya waye, ƙauyuka da yawa su ka tarar an yanke su daga duniya. Mayschoß, mai mutum kamar 900, ba hanya, ba wuta, ba ruwan sha, ba waya. Mutanen ba su zauna jiran gunduma ba. Su ka kafa kwamitinsu, su ka raba aiki, wannan na abinci, wannan na magani, wannan na kwashe laka. Majami'ar garin, da ya ke tana kan tudu, ta zama rumbun kaya da wurin rabo. Wata hanyar daji da ta haura dutse su ka sa aka gyara ta aka zuba mata kwalta cikin 'yan kwanaki, ta nan agaji ya riƙa shigowa. Mutanen da su ka saba taron kwana-kwana da zaɓen shugaba da rabon aiki, ba a koya musu wannan ran bala'i.

Sauran labarin gajere ne. Majalisar jiha ta yi dogon bincike. Shugaban gunduma ya bar kujera a shekarar, a Janairun 2022 kuma jama'a su ka zaɓi Cornelia Weigand a madadinsa. Ministoci biyu sun yi murabus a 2022. A Afrilun 2024 masu gabatar da ƙara su ka rufe binciken ba tare da gurfanar da kowa ba, bisa hujjar cewa ba za a iya tabbatar wa kotu cewa da an yi shela da wuri lalle wane da wane sun tsira ba, abin da ya ƙona ran iyalan mamatan. An koma kafa jiniyoyi, daga 2023 kuma hukuma tana iya aika gargaɗi ga duk wayar hannu da ke wani yanki a lokaci ɗaya.

To, ina namu a ciki? Ba mu ce a ɗauko tsarin Jamus a dasa a Funtuwa ko Gumel ba, aljihun ba ɗaya ba ne. Amma mantuwar 1910 ba baƙuwa ba ce gare mu. Madatsar Alau ta cika Maiduguri da ruwa a 1994, ta kuma sake a Satumban 2024, cikin dare. Mokwa ta ga nata a Mayun 2025. Kasuwar Sabon Gari ta Kano a 2016, babbar kasuwar Sakkwato a 2021, Kasuwar Monday ta Maiduguri a 2023, kowa ya san wanda ya kwana attajiri ya tashi da toka. Tun 1999 akwai hukumar agajin gaggawa ta ƙasa, tsarinta kuma ya tanadi kwamiti a kowace ƙaramar hukuma. Mai karatu ya tambayi kansa ko ya san sunan mutum ɗaya a cikin na garinsu.

Masu sa kai kam ba mu rasa su ba. Ga 'yan agaji na ƙungiyoyin addini da rigunansu a kowane Idi da kowace jana'iza, ga 'yan sintiri, ga 'yan dako waɗanda su ne farkon shiga wuta a kowace kasuwa ba da ko safar hannu ba. Jiniya ma muna da wadda ta fi ta Jamus yawa, don babu unguwar da ba lasifikar masallaci, ladan kuma ya riga kowa tashi. Abin da ya rage shi ne a zauna tun ana lafiya, da mai unguwa, da sarkin kasuwa, da liman, da sakataren ƙaramar hukuma, a rubuta sunaye: wane ne mai cewa a tashi, in ba ya gari wane ne na biyu, wane ne na uku. A kuma shafa jan fenti a ƙafar gada, a yi shela cewa ran da ruwa ya taɓa alamar nan, mai unguwa ba ya bukatar izinin kowa, ba kuma wanda zai zarge shi in ruwan ya koma. Wannan ita ce kaɗai hanyar da mu ka sani ta cire wa mutum tsoron kunya. Ma'aikacin da takardar hasashen ambaliya ta iso teburinsa ran Juma'a da rana kuwa, ya tuna da ƙarfe 3 da rabi na Altenahr kafin ya sa ta a fayil sai Litinin.

Ga 'yan'uwanmu 'yan kasuwa kuma, ƙungiyar layi da ta ke iya tara kuɗin mai gadi da na adashi tana iya zaɓen samari 9, ta roƙi ofishin kwana-kwana mafi kusa ya koya musu, ta kuma ɗauki alkawarin ba za a yanke musu lada ba ran atisaye. A san hannun da makullin ƙofar kasuwa ya ke kwana. A Jamus ƙa'idar gini ta ce hanyar motar kashe gobara kada ta kasa mita 3 a faɗi. Masu yadi ba su rasa abin awo a shago. Gobe in Allah ya kai mu, bayan an fito da tebura da buhuna, wani ya fita ya auna layinsu.